Lambu a Cikin Buhu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Malamai na Reshen Tarauni



Kowannenmu ya san yadda albashi yake ƙarewa tun wata bai raba ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon kayan gwari daga gona zuwa kasuwar 'Yankaba ya tashi, daga can kuma ya biyo mu har kasuwar Tarauni. Neman haƙƙinmu aikin ƙungiya ne, ba kuma za mu fasa ba. Sai dai kafin a biya, tukunya ba ta jira.

Mu dubi abin da muke saye don ƙamshin miya: kori da tayim a 'yar leda, sai dunƙule. Kakanninmu ba su san su ba, miyarsu kuwa ba ta rasa armashi ba. Ɗoɗɗoya ce take ba su ƙamshi, yakuwa ta ba su tsami, lalo da karkashi su ba su yauƙi. Ga rama da gasaya da tafasa don kwaɗo, ga daddawar kalwa daga ɗorawa. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirranmu cikin littafi a 1916. Yau, a ajujuwanmu na Gyadi-Gyadi, mun ɗaga ganyen gasaya a gaban yara, 'yan kaɗan ne suka iya faɗin sunansa. Wannan rashi ya fi na kuɗi ciwo, domin mu aka damƙa wa tarbiyyarsu.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, dunƙule kuwa gishiri ne kaso mai yawa na abin da ke cikinsa. Mun san abokan aiki nawa ne ke fama da hawan jini. Miyar da ta sami ɗoɗɗoya da daddawa ba ta buƙatar dunƙule da yawa.

Za a ce ina fili? Gaskiya ne, yawancinmu gidan haya muke, tsakar gidan ma an malale ta da siminti. To, buhun shinkafa da ya ƙare ya isa. A huda gindinsa, a zuba ƙasa kashi biyu da busasshen takin dabbobi kashi ɗaya, a ajiye inda rana take samu. Ɗoɗɗoya da shuwaka suna kamawa daga reshe. Gasaya ana fara tsinkarta cikin wata guda ko fiye kaɗan. Ƙwallon kuka yana da tauri, sai a jiƙa shi cikin ruwan zafi ya kwana kafin a shuka, kuma ba sai ta zama bishiya ake cin ganyenta ba. Ruwan alwala da na wanke shinkafa sun wadatar da ban ruwa, amma ban da mai sabulu. Abin da ya yi rara a shanya shi a inuwa, don kada rana ta kashe masa launi.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, kowace makarantar firamare a wannan reshe ta jera buhu goma kafin ruwa ya zauna a watan Yuni, kowane aji da nasa, a kuma killace su saboda awaki. Ta biyu, mu tura yara su karɓo iri wajen kakanninsu, su rubuto sunan kowane tsiro da irin miyar da ake yi da shi. Darasin Hausa da na aikin gona ke nan a lokaci ɗaya. Ta uku, mu tsara masu kula da lambun a lokacin hutu, musamman na rani, domin a nan irin wannan aiki yakan mutu.

A taronmu na ƙarshen damina, muna fata kowace makaranta ta zo da ɗaurin ganye da ƙunshin iri, mu yi musaya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa yaranmu albarka. Wassalamu alaikum.