Bindiga da Ruwan Wanke Maiƙo

A kantunan Gubaira, wata tsohuwar unguwa da ke kudancin Riyad kusa da Manfuha, kamar dai a kantunan Kano ko Maraɗi, ana sayar da ruwan wanke maiƙo na gida, wanda ke cire dauɗar murhu da ta tukunya nan da nan. Ganin ƙarfinsa ya sa waɗansu masu bindiga ke cewa, abin da ya wanke murhu ai zai wanke bindiga. Wannan magana ce za mu duba yau.

Da farko sai mu san irin dauɗar. Bindigar toka, wadda 'yan bindigar sarki ke harbawa a hawan Sallah, da albarushi take aiki, watau haɗin gawayi da farar wuta da wani irin gishiri. In albarushi ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya tafiya cikin iska, sai ya zama hayaƙi da baƙar toka, wani kashi kuma ya manne a cikin bututun bindiga. Wannan toka tana jawo laima, laima kuwa ita ce uwar tsatsa. Amma tokar ba maiƙo ba ce, gishiri ne, gishiri kuwa ruwa ke narkar da shi. Shi ya sa tun zamanin da ake wanke irin wannan bindiga da ruwan zafi da ɗan sabulu, a busar da ita sarai, sa'an nan a shafa mata mai.

To, ina laifin ruwan wanke maiƙo? Laifinsa uku ne. Na ɗaya, yana kwashe man da ke kāre ƙarfe duka, ya bar shi tsirara. In ba a mai da man ba, da damina tsatsa na iya bayyana kafin gari ya waye. Na biyu, yawancinsa dangin ruwan toka ne, waɗansu ma har da soda mai ƙuna a ciki, irin wannan kuwa yana cin alminiyam, ƙarfen da ake ƙera jikin bindigogin zamani da yawa da shi. Na uku, yakan shige lungunan kunama inda tsumma ba ya kaiwa, ya kwanta yana ɓarna a ɓoye, ya kuma dusashe ƙyallin katakon gindin bindiga. Wanda ke da kulorin a ciki kuwa, kada ma a kusantar da shi.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. A yaƙin Biyetnam, an raba wa sojojin Amurka bindigar M16 ba tare da isassun kayan goge ta ba, ta riƙa cijewa ana tsakiyar faɗa, aka yi hasarar rayuka, har majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike a 1967. Jamusawa kuwa tun 1904 suka haɗa man Ballistol musamman domin makaman sojojinsu. Bindigar toka ma in tsatsa ta ci bututunta daga ciki, tana iya fashewa a hannun mai ita.

Wajibi ne kuma a lura da yanayin ƙasa. A Riyad iska busasshiya ce, saboda haka ƙura ta fi tsatsa ɓarna: mai in ya yi yawa sai ya tara rairayi, ya riƙa goge ƙarfe kamar magagari. A nan mai kaɗan ya isa. A Jidda kuwa, ko a Zariya cikin watan Agusta, laima ce abar tsoro.

Wanda dai bai sami wani abu ba sai wannan ruwa, to, ya fara tabbatar da babu harsashi ko albarushi a bindigar. Ya sirka shi da ruwa, ya tsaya ga baƙin ƙarfe kaɗai, ya ɗauraye, ya busar, ya shafa man bindiga nan take.

Akwai kuma batun gado. Hukumar UNESCO ta sa rawar Arda ta Najadu, wadda ake yi da takubba, cikin al'adun duniya a 2015, ta sa hawan Sallar Kano a 2024. A gidan Masmak, wanda Sarki Abdul'aziz ya kama a 1902, har yau ana nuna tsofaffin bindigogi. Abin da kakanni suka adana shekaru ɗari da ruwa da tsumma da mai, bai kamata gaggawar yini ɗaya ta lalata shi ba. Rigakafi dai ya fi magani. Mu kwana lafiya.