Tsibirin Jema a Kan Kududdufi: Laccar da Aka Gabatar a Gagarawa Tasha

 

Wani zai ce me ya haɗa Gagarawa da maganar tafki, mu da ke ƙasar yashi? To, ai muna da kududdufi, kuma da shi dabbobinmu ke cin rani. Ku je bakinsa a bazara: ruwan ya koma kore shar, ya yi kauri, iska ta tara wata kumfa mai wari a gefe guda, saniya ta hura ta da hanci kafin ta sha.

Wannan gansakuka ce, kuma mu muke ciyar da ita. Kashin shanu da fitsarinsu, ruwan kwata, sabulun wanki, takin zamanin da ruwan sama ya kwaso daga gona, duk suna ɗauke da naitirojin da fosfaras. Ga rana, ga ruwa a tsaye. Cikin dare gansakukar tana zuƙe iskar da kifaye ke shaƙa, shi ya sa ake ganinsu da asuba ciki sama. Wani nau'inta ma dafi gare shi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ɗora laifin kan wannan dafi. Abin da ya kayar da giwa, ina ga tunkiya?

Dabarar da na zo da ita ba ta da wuya. A ɗaure gora ko jarkokin roba, a shimfiɗa raga, a zuba kara, a dasa ciyawa a kai, a tura tsakiyar ruwa da igiya da dutse. Saiwa ba ta samun ƙasa, dole ta ci daga ruwa, wato ta ƙwace abincin gansakuka. Inuwar tsibirin ta tare mata rana, ƙananan halittu masu cin ta kuma su samu mafaka cikin saiwoyin. Manoman Bangladash sun daɗe suna noman kayan lambu a kan gadaje masu yawo bisa ruwa, har hukumar FAO ta sa su cikin gadon noma na duniya a 2015.

Sai dai a kula da abin da za a dasa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan-baki, bayan madatsun Tiga da Chalawa sun sauya tafiyar kogi. Kada wanda ya kawo mana ita da sunan magani. Kainuwa ma haka, dashen Allah ce, ba ta jin burki. Ni jema zan zaɓa: saiwarta doguwa ce, tana jure jiƙa, kuma masu saƙa suna son ta.

Dole a riƙa yanka ana fitarwa. In aka bari ta ruɓe a ciki, abin da ta tsotsa ya koma ruwa ke nan. A kuma nisanta tsibirin da gaɓa, in ba haka ba shanu su yi kalaci da shi.

Kududdufin da ke ƙafewa tun watan Janairu ba na wannan aiki ba ne. A zaɓi mai zurfi guda ɗaya, a karkatar da kwatar da ke zuba cikinsa, a keɓe wa dabbobi mashaya, matasan unguwa su ɗaure tsibiri biyu da kaka. In bazara ta yi, mu gwada launin ruwansa da na maƙwabcinsa.