Ruwan pampon Yamai da hannun maƙwabta a cikinsa



A watan Yuni na 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Waɗanda suka ga wannan rana ba su buƙatar a gaya musu cewa ruwan babban birni daga nesa yake zuwa. Yana tasowa daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali, inda madatsar Selinge take riƙe shi ta sake shi da rani, madatsar Markala kuma ta karkatar da wani kaso zuwa gonakin shinkafa na Office du Niger. Abin da ya rage shi ne injunan Gudel da Yantala suke ja su tace. Bayan wancan fari ne aka gina shinge a cikin kogin a Gudel domin tare ruwan bazara. Madatsar Kandaji kuwa, da shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalinta a 2008, ta haura shekara 15 ba a kammala ta ba.

Takardun zumunci ba su yi ƙaranci ba. Tun 1964 aka kafa hukumar kogin, wadda ta zama ABN a 1980, mai ƙasashe 9, da mazauninta a nan Yamai, kuma a nan ne aka sa hannu kan kundin rabon ruwanta a 2008. Kamfanonin ruwa na Afirka su ma sun kafa ƙungiyarsu a Abijan a 1980. Amma magidancin da aka miƙa wa takardar kuɗin ruwa yana da damar ya tambaya: duk waɗannan tarurruka, dala nawa suka rage masa?

Kafin a amsa, sai a duba inda kuɗin yake tafiya. Ruwan kogi ja ne, musamman da damina in kogunan Gurma irin su Sirba suka kwararo da laka. Sai an zuba alimun laka ta kwanta, a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan injuna su tura ruwan zuwa manyan tankuna. Magungunan nan, da injunan, da yawancin kayan gyaransu, daga waje ake sayo su. Shi ya sa lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, abin da kamfanin SNE na wancan zamani yake saye da jika ɗaya ya koma jika biyu cikin dare guda. A 2001 aka raba aikin biyu: SPEN ta riƙe dukiya da gine-gine, SEEN, wadda kamfanin Faransa da ake kira Veolia daga baya yake da kashi 51 cikin 100 a cikinta, ta riƙe rarraba ruwa da karɓar kuɗi. Daga Janairun 2024 aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa, NDE. Mai shago ya sake, hanyar kaya ba ta sake ba.

Shekarar 2023 ta nuna tsawon wannan hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa take amfani da shi, har zuwa ɗage takunkumi a farkon 2024. Injin ruwa in babu wuta sai gazuwal, gazuwal kuwa kuɗi ne. Hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina.

To, ONEA a Wagadugu da SOMAGEP a Bamako su ma ƙasashensu ba su da teku, kuma irin magungunan nan suke saye. Kowa yana zuwa kasuwar duniya shi kaɗai da ɗan abin hannunsa. Duk ɗan kasuwar da ke zaure ya san bambancin mai sayen buhu goma da mai ɗaukar mota guda: farashi daban, kuɗin dako daban, har gaisuwar da ake yi masa daban. Da kamfanonin uku za su haɗa odarsu ta shekara, su ajiye rumbun kayan gyara da kowa zai ara ya mayar, su yi musayar masu neman ɓulin bututu, da an rage kashe kuɗi ba tare da an gina komai ba. Injiniyoyinsu ma da yawa a makaranta ɗaya suka yi karatu a Wagadugu, wadda ake kira 2iE yanzu. Sun san juna tun suna ɗalibai. Tun da gwamnatocin uku suka ƙulla ƙawancen AES a Satumban 2023, ba za a ce siyasa ce ta tare hanya ba.

Abin da ya fi tare ta na cikin gida ne. Oda ta haɗin gwiwa tana nufin kwangila ɗaya babba a fili, maimakon ƙanana da yawa da ake rabawa a asirce, kuma wanda ya saba da la'ada ba zai yi murna ba. Sannan ba a shiga adashi da wanda ba ya zubi. A ƙasashe da dama na wannan yanki ofisoshin gwamnati ne kan gaba wajen jinkirta biyan kuɗin ruwa, kamfanin da ake riƙe wa kuɗi kuwa ba zai biya kasonsa kan lokaci ba.

Ma'aikaci mai pampo a tsakar gida yana biya da farashin hukuma. Matar da ke bayan gari, inda bututu bai kai ba, wurin ɗan ga-ruwa take saye, ta biya ninkin-ba-ninkin a kan jarka ɗaya. Duk jikar da aka ɓatar wajen sayen alimun da tsada, an cire ta ne daga kuɗin bututun da ya kamata ya isa unguwarta.