Ɗumamar Duniya da Dusar Ƙanƙara a Birnin Bafalo

Jawabin yau ya shafi wata tambaya da masana yanayi suka daɗe suna juyawa, watau ko ɗumamar duniya tana sauya yawan dusar ƙanƙarar da kan sauka a biranen ƙasashen sanyi. Mutum zai yi zaton amsar a fili take, cewa in zafi ya ƙaru dole ƙanƙara ta ragu. To, lamarin bai zo da sauƙi haka ba, kuma birnin Bafalo na Jihar Niyok, a ƙasar Amurka, ya isa misali.

Da farko ya kamata a bambanta dusar ƙanƙara da ƙanƙarar nan mai tauri da kan zubo tare da ruwan sama a wajajen Jos. Ita dusa laushi gare ta kamar auduga, takan taru bisa tituna da rufin gidaje har ta toshe ƙofa. A matsakaicin lissafi, Bafalo yakan sami kusan ƙafa 8 na wannan dusa kowace shekara.

Asalin wannan yawa kuwa shi ne Tafkin Eri, wanda tsawonsa ya kai mil 240, birnin kuma yana zaune a ƙarshensa na gabas. A watannin Nuwamba da Disamba, busasshiyar iska mai tsananin sanyi takan taso daga Kanada ta ratsa bisa ruwan, alhali ruwan bai gama huce ɗumin da ya tara a watannin zafi ba. Sai iskar ta kwashi tururi, ta yi sama da shi, hadari ya haɗu, da ta iso tudu sai ta juye kayanta. Masana sun ce ana bukatar ruwan ya fi iskar da ke sama ɗumi da kimanin digiri 13 na ma'aunin Salshiyos kafin haka ta auku sosai. Da zarar tafkin ya daskare kuwa, kamar an rufe tukunya ne da murfi, tururi ya yanke.

A nan ne ɗumamar duniya ta shigo. An fara auna faɗin ƙanƙarar da kan rufe Manyan Tafkunan nan biyar na Amurka ta Arewa a kai a kai tun 1973, kuma lissafin ya nuna raguwa. Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ƙaranci da aka gani tun farkon awon. Bugu da ƙari, duk digiri ɗaya da zafin iska ya ƙaru, takan iya ɗaukar ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100. Ashe ke nan tafkin da ya jinkirta daskarewa yana iya ciyar da hadari har tsakiyar hunturu, muddin iskar sanyi ta zo.

Tarihin birnin ya nuna fuskokin biyu. A guguwar Janairu 1977 tafkin a daskare yake tun tsakiyar Disamba. Dusar da ta binne gari yawancinta tsohuwa ce da iska ta sharo daga kan ƙanƙarar tafkin. A Disamba 2001 kuwa ruwan a buɗe yake, sai da kusan ƙafa 7 ta sauka cikin kwana biyar. Haka a Disamba 2022, tafkin bai daskare ba, dusa fiye da ƙafa 4 ta zuba, iska tana gudun fiye da mil 70 a awa, mutum fiye da 40 suka rasu, wasu a cikin motocinsu, wasu a gidajen da wuta ta yanke.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki guguwa ɗaya a ce ita ce hujja. Shekaru sukan saɓa da juna ƙwarai: a watan Maris 2014 ƙanƙara ta rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na tafkunan. Binciken da aka yi kan ƙarni na 20 ya gano ƙaruwar dusa a gefen tafkunan Sufiriyo da Mishigan, amma a gefen Eri ƙaruwar ba ta bayyana sarai ba. Abin da masana suka fi ƙarfafawa shi ne, in ɗumi ya ci gaba, nan zuwa ƙarshen wannan ƙarni yawancin abin da tafkin ke turowa a farkon hunturu zai koma ruwan sama, kwanakin dusa su ragu, ko da yake wadda za ta sauka a ranakun tsananin sanyi tana iya yin nauyi.

Wannan shi ya fi damun hukumomin gari, don kuwa motocin share titi da gishirin narkar da ƙanƙara da ma'aikatan agaji ana tanadarsu ne saboda mummunar rana guda, ba saboda matsakaicin shekara ba. Birnin Niyok kansa, wanda ke bakin teku nesa da tafkin, ya ga ɗaya fuskar: daga Fabrairu 2022 zuwa Janairu 2024 ya yi kwana 701 ba a auna ko inci ɗaya na dusa cikin yini guda ba a babban lambun tsakiyar birnin.