Zarton Zane a Cikin Gida: Garejin Amurka Daban, Hunturun Kano Daban

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba.

Yau babu siyasa, babu maganar katin zaɓe. Yau katako za mu taɓa. Tambayoyi sun taru a akwatin saƙo a kan ɗan injin nan da ake yanka sunaye da zane-zane a jikin katako, wanda Turawa ke kira sukurol-so, ni kuma nake ce masa zarton zane. Wani ya ce zai iya ajiye shi a ɗakinsa? Wata ta ce ta saya, ta yanka sunan ɗanta, amma da ta shafa banish sai abin ya fito kamar an barbaɗa masa yashi. Kusan kowa kuma sai ya ƙara da cewa, "ai haka na gani a YouTube." To, a nan gizo ke saƙar. Mutumin da kake kallo a YouTube yana cikin garejinsa ne a Amurka ko Jamus, ƙofa a rufe, da injin zuƙe ƙura, wuta ba ta ɗaukewa, katakonsa busasshe tun daga kamfani. Kai kuma kana zaure ko bayan ɗaki, ƙannenka na wasa a tsakar gida, iskar hunturu na shigo da ƙura ta kowace kafa. Injin ɗaya ne, amma aikin ba ɗaya ba ne.

Bari in fara da injin, a taƙaice, don ba shi ne matsalar ba. Ɗan tebur ne da siririn zarto kamar tsinke, tsawonsa inci 5, yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki. Kai ne kake juya katakon, tsinken yana tsaye wuri ɗaya. Wanda aka fi samu shi ne mai inci 16, ma'ana tazarar da ke tsakanin tsinken da bayan injin. Wutar da yake ci kaɗan ce, yawanci tsakanin wat 80 zuwa 150, alhali dutsen guga yana cin 1,000 ko fiye. Ka ga kenan ƙaramar sola mai inbata za ta ɗauke shi. Abu ɗaya dai: in na hannu za ka saya, duba bayansa da kyau. Wanda aka yi don Amurka bolt 120 yake sha, tamu wutar 230 ce. Ka soka shi kai tsaye, ka yi sallama da kuɗinka.

In ma babu kuɗin inji, akwai zarton hannu mai siffar baka, shi ma siririn tsinke ne. Da irinsa aka fara. A wajajen 1766 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, ya manna taswira a kan falanki ya yayyanka ta ƙasa-ƙasa don yara su riƙa harhaɗawa suna koyon darasi. Wasan harhaɗa hoto da muke gani yau daga nan ya samo asali. Ni kuwa duk lokacin da na tuna wannan sai in ce, me zai hana wani a cikinmu ya yanka taswirar Najeriya, jihohi 36 da Abuja, ko ƙananan hukumomin Kano 44, ya kai makarantar unguwarsu? Yaron da ya ɗauki Jigawa da hannunsa ya nemi inda za ta zauna, ba zai sake mance maƙwabtanta ba.

Yanzu katako. A bidiyo za ka ji suna ta ambaton wani filawud da ake kawowa daga Rasha da Finlan, mai sara-sara a matse, babu rami a ciki. Kada ka wahalar da kanka nemansa. In ka shiga 'Yan Katako, ko ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, ko Panteka ga mutanen Kaduna, ɗauki filawud ɗin ka kalli gefensa. In ka ga ramuka tsakanin sara da sara, to akwai irinsu a ciki, kuma daidai kan harafin da ka fi wahala a kai ramin zai ɓullo. Mai kauri milimita 4 zuwa 6 ya isa mai koyo. In katako zalla kake so, obece yana da laushi da sauƙin yanka, malaina ma haka, madaci kuma ya fi kyau in ya sha mai amma yana cin tsinke. Kuma don Allah ku riƙa tambayar kafintocin unguwa guntayen da suka rage musu. Abin da su ba zai yi musu ko ƙafar kujera ba, kai zai yi maka aiki uku.

Ga abin da YouTube ba zai gaya maka ba. Yawancin katakon nan daga Kudu yake zuwa, da danshinsa. Ka saye shi a watan Agusta, ka yanka, ka shafe, ya yi kyau. Janairu na zuwa, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sai katakon ya fara tsukewa, ya lanƙwashe ko ya tsage. Maganinsa haƙuri. Jera shi a inuwa, sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ka bar shi makonni kafin ka taɓa shi. In kuma ka zo shafa mai ko banish, shafa gaba da baya. Fuska ɗaya kawai in ka rufe, ɗayar za ta ci gaba da shan iska ita kaɗai, allon ya koma kamar kwasfar gyaɗa.

Wajen yankan, 'yan abubuwa ne. Haƙoran tsinke ƙasa suke kallo. Ɗaure shi ya yi tauri, in ka taɓa shi da yatsa ya yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi. Lamba 3 ko 5 ga siririn katako, 7 ko 9 ga mai kauri. Akwai wanda 'yan haƙoransa na ƙasa suke kallon sama, shi ya fi, don ba ya yage bayan aikin. Lulluɓe katakon da salatif na takarda kafin ka manna zanenka, cirewa za ta yi sauƙi. Huda ƙananan ramuka, ka zura tsinken, ka fara cinye na ciki kafin ka zagaye na waje. Kada ka tura da ƙarfi, bar shi ya ci da kansa. Tsinke zai karye, ko gwani yana karya shi, shi ya sa ake sayen su dozin-dozin.

Masu son yanka rubutu, ku lura da haruffan da ke da ciki, irin "o" da "a" da "d", ko mim da wawu a Larabci, da ɗigogi. In ramin harafin kake cirewa daga allo, cikin zai faɗo, sai ka bar masa 'yar gada da za ta riƙe shi. Sannan masu yanka aya ko sunan Allah, ku tuna takardar zanen da guntayen haruffan da suka zube ba shara ba ne. A tattara su daban, kada a share su zuwa kwata.

To, mu zo kan finishin, inda 'yar uwarmu ta maƙale. Nan ne aiki ke zama abin da za a rataye a falo ko abin da za a ɓoye a bayan kujera.

Sanfefa tun kafin yanka ake fara ta. Da yawa sai sun gama huda zane mai laushi kamar leshi sannan su zo suna gurza, sai wani reshe ya karye. A'a. Tun falankin yana lafiyayye ka bi shi da lamba 120, sannan 180, sannan 220, kana bin layin katakon, ba ka ratsa shi ba. Bayan yanka sai 'yar shafa kaɗan, ka naɗe guntun sanfefa a jikin tsinken tsire ka shiga lunguna. Kakkaɓe da busasshen burushi, ka goge da tsumma mai tsabta. Gefen filawud da na katakon gari, wato MDF, shan fenti suke kamar ƙasar rani. Tsarma gam ɗin katako da ruwa ka shafa a gefen, ya bushe, ka ɗan goge, sannan fenti ya zauna.

Yashin da 'yar uwarmu ta gani kuwa, ƙura ce ta sauka a kan banish tun yana ɗanye. Banish mai mai yana ɗaukar awanni kafin ya daina danƙo, kuma a hunturu awa ɗaya ma ta isa. Abin yi: kada ka yi shafa a ranar da ka yi yanka a wuri ɗaya, bari ƙurar ta kwanta. Yayyafa ruwa a ƙasa. Yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi. Kana gamawa ka kifa babban kwali a kai, ka ɗan ɗaga gefensa da dutse. Kuma shafa siriri-siriri sau uku ya fi lafta shi sau ɗaya. Tsakanin kowace shafa ka bi shi da lamba 320, a hankali, kamar kana shafa kan jariri. Kada ka kai shi rana wai don ya yi saurin bushewa, ƙuraje zai yi. Da damina kuma matsalar juyawa take: laka ta feshi, mai bushewa cikin mintuna, in iska ta cika danshi sai ta yi fari-fari kamar hazo. Jira ranar da gari ya washe.

Zane mai ramuka da yawa, burushi ba ya shiga ko'ina, sai ya tara banish a lungu ya daskare. Ni a ganina mai ya fi masa. Zuba man katako a faranti mai faɗi, tsoma aikin gaba ɗaya, ɗaga shi ya tsane, ka goge ragowar. Ba zai yi ƙyalli kamar gilashi ba, amma ni dai na fi son katako ya yi kama da katako. Mun cika son abu ya yi ta walƙiya, har madaci mai kyau sai mu binne shi a ƙarƙashin banish kamar an sa shi a leda.

Amma ku saurara da kyau a nan. Tsumman da ya sha man linsid, in ka dunƙule shi ka jefa a kwali ko kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta, ba ashana ba komai. Wannan ba tatsuniya ba ce, man ne yake haɗuwa da iska yana fitar da zafi. Shanya shi a buɗe a waje har ya bushe ƙarau, ko ka jiƙa shi a bokitin ruwa. Gidajenmu cike suke da katifa da labule, ga tukunyar gas. Masu tsarma banish da fetur don tina ta yi tsada, ku ji tsoron Allah ku daina.

In abin wasan yara ne, dole ka ɗauka cewa baki zai je. Kada ka shafa kowane fenti da ba ka san abin da ke cikinsa ba, don akwai fentin mai da ake haɗawa da dalma, kuma mu nan Arewa mun ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da cewa waccan daga haƙar zinare ta fito. Kakin zuma da aka narka da man farafin na kemis ya wadatar. Man gyaɗa kuwa a bar shi a kicin, daga baya wari yake yi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 kuma, kada a ba shi abin da zai iya shigewa maƙogwaronsa.

Sai ƙurar kanta, wadda ta fi damuna. Zarton zane ba ya cire hannu kamar manyan injuna, shi ya sa ake raina shi. Amma garin da yake fitarwa laushi gare shi, yana yawo a iska bayan ka kashe injin. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. MDF kuma gari ne da aka matse da gam mai sinadari. Ka ga in ɗakin kwananka ne wurin aikinka, to kai da duk wanda ke kwana a nan kuna shaƙa har asuba. Saboda haka amsata ga mai tambayar farko ita ce a'a, ba a ɗakin kwana ba. Nemi rumfa, ko baranda, ko bakin taga da fanka tana hura waje, ba wajen da ake shanya ko girki ba. Sa takunkumi mai lamba N95, na yadi ba ya tare wannan ƙurar, kuma shi ma N95 ɗin ba ya tare warin tina, wannan iska ce kawai maganinsa. Kada ka yi busasshiyar shara, jiƙa sannan ka kwashe. Yara su tsaya nesa, in ka tashi ka zare soket.

Wasu sun tambayi ko akwai kuɗi a ciki. Akwai masu sayar da allunan suna, da dagin Arewa na bango, da marataya makulli, da haruffan koyon karatu. Amma ni ba zan zauna nan in ce muku za ku yi arziki a wata uku ba, masu faɗin haka sun yi yawa. Ba kowane abu ne sai ya zama jari ba. Matashi yana da haƙƙin ya yi abu don yana jin daɗinsa, ya ajiye waya na awa biyu ya yi wani abu da hannunsa. In ciniki ya biyo baya, alhamdulillah. In za ka sayar ɗin, ga dabara: haɗa siraran filawud uku ko huɗu ka naɗe da salatif, ka yanka su lokaci guda, wahala ɗaya riba huɗu. Kuma ka lissafa lokacin sanfefa da jiran bushewa a cikin farashi, don sau da yawa ya fi na yankan tsawo.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake haɗa ɗan teburin aiki mai naɗewa, saboda masu gidan haya. Wanda ya yanka wani abu ya ajiye mana hotonsa a ƙasa, gaba da baya, har da gefen, don gefen nake so in gani.