Doki Ɗari Biyar A Hannun Yaro

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, cikin garin Bauchi)

  

Maganar da aka ɗora mana yau ta mota ce, amma ba kowace mota ba. Muna nufin manyan motocin gudun nan da suka fara shigowa gidajenmu tun da Allah ya buɗa wa wasu daga cikinmu, waɗanda in an taka su a titin Yandoka, mai kwance a ɗaki sai ya tashi zaune. Mu 'yan kasuwa ne, ba kanikawa ba. Amma mu ke biyan kuɗin motocin, mu ke miƙa makullin, kuma mu ake kira in abu ya faru, Allah ya kiyaye. Saboda haka muna da ta cewa.

Yawancinmu da ke zaune a nan, a Fijo 504 muka koyi tuƙi, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna a da. Waccan mota ƙarfin injinta bai kai doki 100 ba, kuma da ita muka yi Kano, muka yi Maiduguri, muka yi Onica, ga kaya har saman but. To, Range Rover Sport mai sufacaja, ƙirar 2010, doki 510 gare ta. Dodge Hellcat da Amurkawa suka fitar a 2015, doki 707. Ko tsofaffin Marsandin nan masu rubutun Kompressor a baya, waɗanda ake samu da sauƙi daga Kwatano, sufacaja ce a cikinsu, don ma'anar kalmar ke nan da Jamusanci.

Mece ce sufacaja? Inji da mai da iska yake aiki. Iyakar iskar da ya shaƙa, iyakar man da zai iya ƙonawa. Sai masu ƙira suka ɗora masa wani famfo wanda ke ɗura masa iska da ƙarfi, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙeri. Bambancinta da tobo shi ne, tobo hayaƙin salansa ke juya shi, don haka yakan ɗan jira hayaƙi ya taru kafin ya kawo ƙarfi. Ita kuwa sufacaja da bel aka haɗa ta da injin kai tsaye, ba ta jira. Kana taɓa totur, ƙarfin ya iso. Cikin daƙiƙa 6 ko ƙasa da haka, mai nauyin fiye da tan 2 ta tashi daga tsaye ta kai kilomita 100. Kafin yaro ya gama gyara zama, ya riga ya wuce gudun da doka ta yarda a yi a kowace hanya ta ƙasar nan.

Nan ne gizo ke saƙa, jama'a. Injin an ninka shi sau biyar, amma tsayawa ba inji ke yin ta ba. Taya ce da kwalta. Kuma duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Mota mai gudun kilomita 100 a awa, tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ido ya ga saniya da ƙafa ta sauka a kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi na iya wucewa, wato mita 40 da 'yan kai sun tafi ba a ma fara tsayawa ba. Sannan birkin ya ci nasa, mita 50 ko fiye a busasshiyar kwalta. In ka haɗa, kusan tsawon filin ƙwallo na Abubakar Tafawa Balewa ke nan daga raga zuwa raga. In kuwa malejin ya nuna 160, sai ka shimfiɗa fili biyu. Dalili kuwa, tazarar birki ba ta bin gudu ɗaya bayan ɗaya: in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Wannan ba ya canzawa don motar ta miliyan ɗari ce.

Sannan a duba inda muke taka su. Waɗannan motoci an yi su ne da tunanin titunan da aka katange, ba mai tsallakawa, ba akuya, ba mai turin baro. Mu kuwa fa? Ka kama hanyar Jos ta Zaranda da Nabordo da Magama Gumau da Tilden Fulani, ko ta Kano ta Kafin Madaki da Ningi da Birnin Kudu, ko ta Gombe ta Dindima da Alkaleri, ko ta Darazo. Ko'ina gari ne a bakin titi, ko'ina kasuwa ce ke ci, ga garken shanu na ƙetarawa, ga yara da tallar gyaɗa da rake. Da dare kuma tirela ta lalace a tsakiyar hanya, alamarta kawai ganyen da aka tsinko aka zuba. Ƙaramar fitilar mota ba ta haska maka mita 100, alhali mita 100 ɗin kake bukata kafin ka tsaya. Wato ko a gudun 100 ma, da dare, kana tafiya ne cikin abin da idonka bai gani ba.

Akwai kuma abin da direba ba ya tunawa, shi ne lissafin mai tsallaka titi. Tsohuwa ta hango mota daga nisan mita 200. Duk rayuwarta ta saba irin wannan nisa yana ba ta daƙiƙa 12, don motocin da ta sani a 60 suke shigowa gari. Ba ta san wannan a 160 take ba, kuma daƙiƙa 4 da rabi kacal gare ta. Ita ba ta yi kuskure ba, lissafinta daidai ne, kai ne ka ɓata shi. Haka direban bas ɗin da ke tahowa ta gabanka lokacin da ka fito za ka wuce tirela. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mota ta buge mai tafiya a ƙasa, haɗarin mutuwarsa yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da gudun 65. Kilomita 15 kacal, wanda a irin waɗannan motoci ɗan yatsan ƙafa ne ya motsa.

Dokar hanya ta ƙasa ba ta da wuyar haddacewa. Ƙaramar mota ta gida, 50 cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ba a ware wa mai doki 500 tasa dokar ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida, ta ƙirga mutum sama da 5,000 da suka rasu a kan hanyoyin Nijeriya a 2023, kuma waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ofis. Kullum in suka jera dalilai, gudun wuce kima ne a gaba. Me ma ake samu a gudun? Bauchi zuwa Jos kimanin kilomita 130 ne. Mai tafiya a 100 da mai tafiya a 140, ko da a ce ba gari ko rami a tsakani, minti 22 ne ya raba su. Ko cinikin buhun shinkafa ɗaya a Muda Lawal yakan ci fiye da haka.

Yanzu bari mu zo kan taya, don a nan ne mu 'yan kasuwa muke da hali guda. Mutum zai fitar da miliyoyi ya sayi mota, amma in aka zo taya sai ciniki ya tashi, a je a nemo ta hannu. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe. Ku duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1519, an yi ta a mako na 15 cikin 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ko zanenta na nan raɗau. Akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta ɗauka: T kilomita 190, H 210, V 240, W 270. Wasu tayoyin da ake kawo mana ma na ƙanƙara ne, an yi su don sanyin Turai, sai mu ɗora su a kan kwaltar watan Afrilu da ke ƙona ƙafa. A riƙa auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, da geji, kuma a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba bugun ƙafar mai faci ba.

Misali biyu sun isa. Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, cikin jif ƙirar Lexus. Rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ya nuna ana gudu, tayar baya ta fashe, direba ya danna birki da ƙarfi, mota ta yi ta ƙundumbala, kuma na kujerar baya ba su ɗaura bel ba. Na biyu, samarinmu sun fi mu saninsa: Paul Walker, ɗan wasan fim ɗin tseren motoci, wanda ya mutu a Kalifoniya ranar 30 ga Nuwamba 2013 cikin Porsche mai doki sama da 600. Wanda ke tuƙin abokinsa ne, gwanin tsere na gaske, ba na fim ba. Masu bincike sun ce suna tsakanin kilomita 130 da 150 a titin da iyakarsa ta ɗan haura 70, kuma tayoyin sun shekara 9. Titin Amurka ke nan, ba rami, ba saniya.

Don haka in taya ta fashe, abin da masana suka koyar shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a saki totur sannu a hankali, kada a taka birki sai mota ta lafa da kanta. In kuwa wani abu ne ya gitta, tayoyi lafiya, to motocin yanzu masu ABS a danne birkin gaba ɗaya. Za ka ji yana karkarwa ƙarƙashin ƙafarka, ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ke nan, kada ka ɗaga. A kwana, a rage gudu tun kafin a shiga, kada a ba ta wuta sai hancinta ya miƙe, musamman masu ja da tayar baya, don ƙugunsu ke fara zamewa, balle a ruwan farko na damina ko inda yashi ya hau kwalta. Sannan akwai wani maɓalli da aka rubuta ESP ko DSC a kansa. Na'ura ce da ke kama motar in ta fara santsi. Iyaye, ku sani wannan maɓallin yaran ke kashewa in za su yi wasan juya mota a wajen ɗaukar amarya. 

Malamanmu na nan, su gyara mana in mun karkace. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Risala cewa wanda ke kan dabba, da mai janta, da mai korata, su ke da lamunin abin da ta taka. Dabba ma ke nan mai nata rai da nata hali, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai ka taka shi? Hukuncin kisan kuskure kuwa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga magada, da kaffara, wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Diyyar raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, kuma kowane rai da tasa kaffarar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a Shari'a, kuma wanda ya saɓa ya jawo ɓarna, lamuni na kansa. Sau da yawa iyayen mamaci sukan ce sun yafe, ƙaddara ce. Allah ya saka musu. Amma yafe diyya haƙƙinsu ne suka bari, kaffara kuwa ba tasu ba ce balle su yafe ta.

Kuma kada mu manta ko mu su wane ne a garin nan. Wasunmu daga Kano iyayensu suka zo, wasu Katsina, wasu Zariya, wasu Sakkwato. Bauchi ta karɓe mu, ta ba mu rumfa a Wunti da Babbar Kasuwa, ta ba mu fili, ta ba mu aure. Ranar da ɗan ɗayanmu ya take yaron unguwa a Jahun ko Ƙofar Ran saboda wasan mota, ba sunan yaron za a kira ba, cewa za a yi 'ya'yan baƙin 'yan kasuwar nan ne. Dattawan da ke gaban nan su za su je su durƙusa, kuma mutuncin da aka shekara 40 ana tarawa shi za a kai a ajiye a ƙofar gidan makoki. A hawan sallah, ba wanda ke ɗora yaron da bai iya linzami ba a kan ingarma ɗaya tak. Mu kuwa muna miƙa 500 ga wanda bai kai shekara 18 ɗin da doka ta sa kafin a ba da lasin ba, don kawai uwarsa ta sa baki.

Abin da muke roƙon shugabanni su sa a gaba kafin bukukuwan bayan salla shi ne, duk ɗan ƙungiya da zai aurar, ƙungiya ta ba shi dattijo guda wanda motarsa za ta shige gaba a rakiyar amarya, ba mai wuce shi har a isa. Mota mai irin wannan ƙarfi kuma, in ba mai ita ne zai tuƙa da kansa ba, ta kwana a gida ranar. Sannan sakatare ya rubuta wa ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra na jiha, a roƙe su su turo mana jami'i a taro mai zuwa, kowa ya zo da ɗansa da direbansa, a fita waje a karanta tayoyin motocinmu ɗaya bayan ɗaya. Lambarsu ta gaggawa 122 ce, a sa ta a waya tun yanzu kafin a tashi.