Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Yaushe Ma'ajiyar Gama-gari Za Ta Samu Ƙimarta?

  Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye.

Kowa a zauren nan ya san ma'ajiyar gama-gari, wadda ake ayyanawa a wajen kowane fankshin, kowane sashe na shiri ya iya taɓa ta. Kowa kuma ya ji nasihar da muke yi wa 'yan aji ɗaya cewa su rage amfani da ita. Ba wannan ya kawo ni ba. Tambayata ita ce, ƙimar farko da ke cikinta, wa ya zuba ta, kuma yaushe? Ko dai kwamfaila ta lissafa ta lokacin harhaɗawa ta rubuta ta cikin fayil ɗin shirin, ko a bari sai shirin ya tashi a na'urar mai amfani, wani kod ya gudu ya cika ta. Matsayina, wanda na daɗe a kai, shi ne duk ƙimar da za a iya sani ranar harhaɗawa a kammala ta ranar. Wadda ba za a iya sani ba, a cika ta a fili, inda mai karanta kod zai gani da idonsa. Da yawa cikin abokan aikina suna ɗaukar wannan ƙaramar magana ce da ba ta cancanci awa ɗaya a manhajar karatu ba. Ban yarda ba.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970, bai bar ƙofa a nan ba. Ma'ajiyar gama-gari sai dai ta karɓi ƙimar da kwamfaila za ta iya lissafawa da kanta, in kuwa ba a ba ta komai ba, sifili ce. Kafin layin farko na main ya gudu, komai yana wurinsa. Da Bjarne Stroustrup ya kawo C++, sai ya zamana abu na gama-gari zai iya samun magini, wato kod da ke gudu ya tsara shi, kuma dole wannan kod ya gudu kafin main. Daga nan matsalar ta samo asali.

Mu dube ta kusa. A fayil na farko akwai ma'ajiya mai suna tsawo, wadda ke samun ƙimarta daga kiran wani fankshin. A fayil na biyu akwai kewaye, wadda aka ce tsawo ce sau huɗu. A cikin fayil guda, ƙa'idar C++ ta ce a bi jeri daga sama zuwa ƙasa. Tsakanin fayil da fayil kuwa, ba ta faɗi wanda zai riga wani ba. A aikace, abin yakan dogara ga jerin da aka miƙa wa linka fayilolin. Idan na biyu ya riga, tsawo na nan da sifilinta, kewaye ta zama sifili, shirin ya ci gaba da tafiya ba ƙorafi ba gargaɗi. Yau ya yi daidai a kwamfutarka. Gobe wani ya ƙara fayil ko ya sauya jeri, amsa ta canza alhali ba wanda ya taɓa layin. Ƙari a kan haka, ƙa'idar ta ba kwamfaila izinin lissafa wasu irin waɗannan ƙimomi tun lokacin harhaɗawa idan ta ga za ta iya, saboda haka sauya matakin ingantawa kaɗai na iya ɓoye kuskuren ko ya tono shi. Hatta cout da ɗalibi ke bugawa a darasinsa na farko, sai da Jerry Schwarz ya yi mata dabarar ƙirge ta musamman domin ta kasance a shirye kafin wani magini ya kira ta.

Wanda yake ganin wannan matsalar manyan kamfanoni ce, ya leƙa ɗakin gwaje-gwajenmu, inda ɗalibai ke aikin kammala karatu da Arduino Uno. Ɗalibi ya ayyana abin da ke kula da firikwensin zafi a saman fayil, ya sa delay a cikin magininsa domin na'urar ta daidaita. Ya loda shirin, allon ya yi shiru, fitila ba ta ƙyafta ba. Ya canza waya, ya canza allo, ya zargi mai shagon da ya sayar masa. Dalilin kuwa shi ne magini ya gudu kafin main, agogon cikin guntun kuma a cikin main ake kunna shi, don haka delay na jiran agogon da bai fara tafiya ba, kuma ba zai taɓa farawa ba. Abin da ya sa ɗakunan kod na Arduino da yawa ke da begin, wanda ake kira a cikin setup, ke nan. Ɗalibanmu suna kwafe shi kullum ba tare da an taɓa gaya musu dalilinsa ba, kuma laifin namu ne, mu masu koyarwa.

A kan allon nan dai akwai hujja ta biyu. Guntun ATmega328P yana da filasha kilobait 32, amma RAM ɗinsa bait 2048 ne kacal. Teburin lissafi mai gurbi 256, kowane gurbi bait biyu, bait 512 ke nan. Idan shirin ne zai lissafa shi bayan ya tashi, dole ya zauna a RAM, ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu. Idan an lissafa shi ranar harhaɗawa aka yi masa alamar PROGMEM, yana zaune a filasha, RAM ba ta rasa komai ba. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Manyan ayyuka sun daɗe da yanke hukunci. Ƙa'idojin rubutun LLVM sun hana maginan gama-gari, saboda rashin tabbas na jeri da kuma jinkirin tashi, tunda kowane magini sai ya gudu ko da ba za a yi amfani da abin da ya gina ba. Masu Chromium suna ƙirga su da manhajar bincike, su tare wanda ya ƙaro sabo. Harshen C++ kansa ya juyo: constexpr ya shigo a 2011, constinit a 2020, wanda ke sa kwamfaila ta ƙi harhaɗawa idan ƙimar ba za ta samu ba sai shiri ya tashi. Rust, da ya fito da sigarsa ta 1.0 a 2015, ya koma matsayin C tun daga farko: static sai da ƙimar da aka sani ranar harhaɗawa. Mai buƙatar jinkiri sai ya faɗa a fili da OnceLock, wanda ya tabbata a 2023, ko LazyLock, a 2024.

Na san abin da za a ce. Za a ce wasu ƙimomi ba sa samuwa sai an karanta fayil ko an tambayi tsarin aiki. Gaskiya ne, kuma wurinsu cikin main ne, a miƙa su ga mai buƙata. Za a ce Go tana jera su bisa dogaron juna, ta ƙi harhaɗa zagaye. Madalla, amma kod ɗin da ke gudu kafin main ba shi da wanda zai mayar wa kuskure, sai dai shirin ya faɗi. Za a ce Java tana jira sai an fara taɓa aji. Ita ma zare biyu na iya cije wa juna idan azuzuwa biyu na jiran juna. Za a ce lissafin lokacin harhaɗawa yana jinkirta kwamfaila. Jinkiri ne na mutum ɗaya a teburinsa, jinkirin maginan gama-gari kuwa na kowane mai amfani ne a kowane tashi.

Shawarwarina huɗu ne. Na farko, a sa abin da ke faruwa kafin main cikin darasin shirye-shirye na aji biyu, a nuna wa ɗalibi sassan data da bss, inda ma'ajiyoyin gama-gari ke zama, a fayil ɗin da shi da kansa ya harhaɗa. Na biyu, misalin fayil biyu da na kawo ya zama aikin ɗakin gwaji na dole, ɗalibi ya sauya jerin linka ya ga amsa ta canza a gabansa. Na uku, mu daina koyar da C++ da kwamfailolin da suka girmi 2011, domin GCC da Clang kyauta ne, kuma Clang na da gargaɗin da ke nuna kowane maginin gama-gari. Na huɗu, masu duba aikin kammala karatu su riƙa tambayar ɗalibi game da kowace ma'ajiyar gama-gari da ke cikin shirinsa: yaushe ta samu ƙimarta? Wanda bai iya amsawa ba, a mayar masa da aikin ya gyara.